Bencin 'Yan Sau Biyu

Yammacin Asabar ne, kuma duk wanda ya san gidan Dattijo ya san abin da ake yi a irin wannan lokaci. Dattijon, wanda 'yan gida ke kira Baba, yana zaune a tsakar gida bisa kujerarsa ta roba, takalminsa na zuwa coci a kan cinya, yana ta goga shi da tsumma kamar gobe za a duba fuska a jikinsa. Mama na guga a bakin ƙofar ɗaki. Auta kuwa sai kai-kawo take yi tsakanin kicin da inda Baba yake.

"Ke Auta, shayi na nawa ke nan?" in ji Baba, ko ɗago kai bai yi ba. "So kike ki kashe ni da sukari ki ci gado? Na gaya miki babu komai a gadon sai takalmin nan."

Mama ta ajiye dutsen guga. "Faɗa masa mana ki huta. Tun safe kike zagaye gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

Auta ta durƙusa a gefen kujera. Ita ce ƙaramar 'yarsu, malama a makarantar ƙananan yara, kuma ita ce muryar da mawaƙan coci ke ji da ita. A gaban jama'a ba ta taɓa jin tsoro ba, amma yau bakinta ya yi nauyi.

"Baba... dama... akwai wanda yake so ya turo manyansa."

Fuskar Baba ta washe. "Madalla! Ai na daɗe ina addu'a. Wane ne? Yaron nan mai buga jita? Ko malamin makarantar Lahadi?"

"Kafinta ne, Baba. Wanda shagonsa ke bayan tashar mota."

"Wane kafintan kuma?" Can sai ya ajiye takalmin a ƙasa. "Dakata! Dogon nan? Ɗan matar nan mai saƙa? Ɗan sau biyu?"

To, a nan sai na tsaya na bayyana muku. Baba shi ne mai tsaron ƙofar coci tun kafin a haifi Auta. Shi yake buɗewa, shi yake rufewa, kuma ko a mafarki aka tashe shi zai faɗa maka wa ya zo makon jiya, wa bai zo ba. Akwai wasu mutane da ba a ganinsu sai ranar Kirsimeti da ranar Ista, sun sha sababbin kaya, sun cika cocin maƙil. Su ne Baba ya laƙaba wa suna 'yan sau biyu. Har bencunansu daban ne, wasu tsofaffi masu rawar ƙafa da ake ajiyewa a sito, a fito da su a jera can baya kusa da ƙofa, in an tashi a mayar. Kuma Baba mutum ne mai barkwanci. In suna fita ranar Kirsimeti zai miƙa musu hannu ya ce, "To, sai Ista!" Ranar Ista kuma ya ce, "To, sai Kirsimeti, in da rai!" Jama'a su yi ta dariya, shi ma ya yi har da riƙe ciki.

"Baba, yana da kirki," in ji Auta a hankali. "Ba ya sha, ba ya ƙarya, shi yake riƙe da mahaifiyarsa—"

"Ban ce ɓarawo ba ne. Amma mutumin da Ubangijinsa ma sai sau biyu a shekara yake tunawa da shi, ke sau nawa zai tuna da ke? Ni da nake tsaye a ƙofar nan ruwa da rana, in ɗauki 'yata in ba ɗan sau biyu? Me zan ce wa Fasto? A'a. Kada ya ɓata wa manyansa takalmi."

"Haba Baba!"

"Na gama magana."

Auta ta miƙe da gudu ta faɗa ɗaki, ta kife a kan katifa tana kuka kamar ranta zai fita. Tana son Kafinta, so na gaske, kuma tana son Baba. Ba ta taɓa zaton ranar da za a ce ta zaɓi ɗaya za ta zo ba.

Abin dariya, a kan bencin nan nasu ma ta fara ganinsa. Wata Kirsimeti ce, tana tsakiyar rera waƙa ita kaɗai, muryarta ta hau sama, sai aka ji rugum! daga baya. Benci ya karye da mutane. Cikin waɗanda suka zube akwai wani dogon saurayi da ya tashi yana kakkaɓe riga, maimakon ya ji kunya sai ya ɗauki ƙafar bencin yana jujjuya ta yana girgiza kai. Auta ta yi ta maza ta danne dariya har waƙar ta ƙare. Bayan 'yan watanni aka kira kafinta ya gyara teburan yara a makarantarsu, tana ɗaga ido ta ga shi ne.

"Malama, ke ce kika yi mini dariya a gaban Allah da jama'a," ya ce. "Na gan ki."

Daga nan magana ta ja magana, har ta kai ga inda ba a iya komawa baya.

Mama ce ta shiga tsakani. Ta san mijinta ciki da bai, ta san ba a tunkararsa gaba da gaba. Ta bari sai da ya ci ya ƙoshi washegari bayan an dawo daga sujada, sannan ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita.

"Baban yara, ni fa tambaya ce da ni. Laifin yaron nan rashin zuwa ne, ko ba haka ba? To in ya fara zuwa fa?"

"Ba zai zo ba. Na san irinsu."

"In ya zo fa?"

Baba ya yi tsaki. "In na gan shi da idona a Lahadin da babu biki, babu sabon ɗinki, sai mu yi magana."

Auta da ke laɓe a bayan labule ba ta jira ƙarshen zancen ba. Litinin ana tashi daga makaranta ta nufi shagon. Ta same shi yana goge fuskar wani teburi, garin katako ya rufe masa gira da gashin kai, ƙamshin sabon itace ya cika wurin. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune a inuwar ƙofa tana saƙa hular jarirai.

"Wannan ne kawai?" in ji Kafinta yana dariya. "In je coci ran Lahadi? Ai na ɗauka cewa zai yi in sassaƙa masa jirgin Nuhu. An gama, Malama!"

"Ka tabbata? Kar ka ba ni kunya fa."

"Ni? Ki dai tanadi waƙa mai daɗi."

Auta ta juya da murna ta dubi Iya, sai ta ga hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan zare. Can Iya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da saƙarta. Auta ta lura, amma farin ciki bai bar ta ta tambaya ba.

Ranar Lahadi tun da aka fara sujada idonta na kan ƙofa. Aka yi waƙar buɗewa, babu shi. Aka karanta Littafi Mai Tsarki, babu shi. Fasto ya yi wa'azi ya gama, aka karɓi baiko, wato sadakar coci, aka sa albarka, babu shi babu dalilinsa. Daga bakin ƙofa Baba ya jefo mata wani kallo mai cewa, na gaya miki. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

Jama'a na fitowa, ana gaishe-gaishe a harabar coci, sai ga Kafinta ya shigo ta babbar ƙofa. Wayyo! Ya ci ado da kayansa na biki, riga sai ɗaukar ido take, takalmi sai ƙyalli, turare kuwa tun daga nesa ya riga shi isowa. Yana tafe yana duba agogo yana murmushi, don a lissafinsa ya zo da wuri. Nan take Auta ta gane abin da ya faru. Sujadar biki ƙarfe goma ake farawa, saboda a jira baƙi. Ta kowace Lahadi kuwa ƙarfe takwas ce. Shi goma kaɗai ya sani a rayuwarsa, ita kuma ko a ranta bai zo ba cewa akwai mahalukin da bai san takwas ba.

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tafa hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A'a'a! Jama'a ku taimake ni! Yau Kirsimeti ce ban sani ba?"

Harabar ta ɗauki dariya. Mata suna rufe baki da gyale, samari suna dukan kafaɗar juna. Kafinta ya tsaya kamar an dasa shi. Murmushin ya ɓace, fuskarsa ta canja irin canjin da Auta ba ta taɓa gani ba. Ya ɗan rusuna wa Baba, ya juya ya fice.

Ta kira wayarsa har ta gaji, bai ɗauka ba. Ta tura masa saƙo, "Sori, laifina ne, ni ce ban faɗa maka lokaci ba." Shiru. Da abin ya ishe ta, wata rana bayan mawaƙa sun tashi daga koyon waƙa ta wuce gidansu kai tsaye. Ba ya nan. Iya ce kaɗai a ɗan falonsu, kwandon zare a gefenta, hoton wani mutum mai kama da Kafinta a rataye a bango.

"Zauna, 'yata. Na san abin da ya kawo ki."

"Iya, wasa ne fa Baba yake yi. Haka yake yi wa kowa. Me ya sa abin ya yi masa zafi haka?"

Iya ta ɗaga kai ta dubi hoton.

"Babansa bai damu da coci ba, sai ranar biki yake kai mu, ni ma na biye masa. Da ya rasu, duniya ta yi mini ƙunci. Ba na ci, ba na barci. Wata Lahadi na ce bari in je gidan Allah ko zuciyata ta yi sanyi. Na riƙo hannun yaron nan, lokacin bai kai tsawon teburin can ba. Muna isa ƙofa, mai tsaron ƙofa ya dube mu ya ce, 'A'a'a! Yau Kirsimeti ce ban sani ba?' Aka yi dariya. Bai san na yi rashi ba, ina zai sani tunda ba ya ganinmu? Na zauna a baya, ban ji kalma ɗaya daga wa'azin ba. Da muka fito yaron ya ce, 'Iya, me ya sa suka yi mana dariya?'"

Hawaye suka zubo wa Auta shar-shar.

"Tun daga ranar sai in an cika maƙil muke zuwa," in ji Iya. "Cikin taro babu mai ganinka. Amma ki ji da kyau, kada ki je ki ɗora wa mahaifinki duka kayan. Maganarsa ta yi mini ciwo shekara ɗaya, sauran shekarun kuwa daɗin kwanciyar safe ne. Na sami hujja na rungume ta, na kuma koya wa ɗana. Wannan laifin nawa ne."

Suna cikin haka Kafinta ya shigo. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya raka Auta har bakin titi, sai ya tsaya.

"Malama, ni ba zan sake taka ƙofar nan ba. Sau biyun ma na yafe. Ki zo mu je ofishin rajista a ɗaura mana aure, daga baya zai huce."

"Ba zan iya ba."

"To ba kya sona ke nan."

"Kai ma ka san ƙarya kake!" in ji Auta. "Ina sonka, kuma in ba kai ba, ba zan auri kowa ba, ko da zan tsufa a ɗakin Mama. Amma ba zan shiga gidanka ta bayan Babana ba. Zan jira. In kai ba za ka iya jira ba, ka faɗa mini yanzu."

Ya kau da kai. "Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Bai ce zai jira ba, bai kuma ce ba zai jira ba. Haka ta hau mota ta koma gida da wannan nauyi a ƙirjinta.

Ta sami Baba yana sauraren rediyo. Ta durƙusa ta kwashe labarin Iya kaf ta faɗa masa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, har da laifin da Iya ta ɗaukar wa kanta.

"To ni me na yi?" Baba ya harzuƙa. "Wasa ne! Shekara da shekaru ina yinsa, ba wanda ya taɓa cewa ya ji haushi!"

"Baba, waɗanda suka ji haushin ai ba su dawo ba balle su faɗa maka." Ta haɗiye kuka. "Ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Kai ka san duk wanda bai zo ba. Amma ka taɓa bin ko mutum ɗaya gida ka tambaye shi lafiya?"

"Tashi ki ba ni wuri! Yau ni za ki yi wa wa'azi a gidana?"

Ta tashi. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba. Tana kai masa shayinsa, tana wanke masa kaya, tana gaishe shi da ladabi kamar kullum. Sai dai gidan ya yi tsit, don Auta mai rera waƙa tana shara, tana wanke-wanke, ta daina. Kafinta kuma sai gaisuwa jefi-jefi a waya, gajera kamar ta baƙo. Kullum da safe takan durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, duka biyun naka ne, ni na kasa. Ka yi yadda ka ga dama." Mama na ganin yadda 'yarta ke zubewa, wani lokaci ta shiga kicin ta share hawaye. Baba ma yana gani. Barkwancinsa ya ragu, amma girman kai bai bar shi ya ce komai ba.

A haka har Ista ta ƙarato. Ranar Asabar ɗin da za a shirya coci, Baba ya ce Auta ta zo ta taya shi fito da bencunan baƙi. Suka buɗe sito, ƙura da yanar gizo suka tare su. Suka jajjawo bencunan suka jera a baya. Baba ya gaji, gwiwa ta fara damunsa, sai ya zauna a kan na ƙarshe don ya huta.

Bencin ya yi ƙara ya karkata, Baba ya dafe bango da sauri. Da ya gyara zama, sai ƙyat! ƙusa ta kama masa wando.

"Kai! Wannan wane irin abu ne?"

Ya ɗaga kai zai dubi gaba, sai ya tarar ginshiƙi ya tare masa bagadi gaba ɗaya. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Rana ta shigo ta ƙofa tana dukan ƙeyarsa. Shekarunsa nawa yana nuna wa mutane wurin nan da yatsa, bai taɓa ɗora jikinsa a kai ba sai yau.

"Auta," ya ce a hankali, "daga nan ana jin Fasto kuwa?"

"Ba sosai ba, Baba. Lasifikar baya ta daɗe da mutuwa."

Ya daɗe zaune, hannunsa a kan yagaggen wandon. Auta ta ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, ta yi saurin kau da kai don kada ya ji kunya.

"A nan matar nan ta zauna da yaronta?"

"Ina jin a nan ne."

Ya miƙe. "Kama mini wancan gefen."

"Ina za mu kai shi?"

"Ke dai kama!"

Haka suka bi titi, dattijo a gaba, 'yarsa a baya, tsohon benci a tsakaninsu, mutane na kallo. Mai shagon kusa da tasha ya ce, "Dattijo, ƙaura ake yi?" Baba ko waiwaye bai yi ba. Suka dire shi a ƙofar shagon Kafinta. Kafinta ya fito da zarto a hannu, ya tsaya baki buɗe. Iya ta miƙe, zarenta ya gangara ƙasa.

Baba ya cire hularsa. Bai dubi saurayin ba, wajen Iya ya nufa.

"Baiwar Allah, kin zo gidan Ubangiji da kuka, ni kuma na tare ki da dariya. Ban sani ba, amma da na tambaya da na sani. An sa ni a ƙofa don in shigo da mutane, ashe kora nake yi. Ki yafe mini."

"Wayyo Dattijo, rufa mini asiri, mayar da hularka!" Iya ta fashe da kuka. "Na yafe, Allah ya yafe mana duka. Ni ma ai ban kyauta ba."

Sannan Baba ya juya ga Kafinta. "Kai kuma, ɗana, na kunyata ka a gaban jama'a, ka yi haƙuri. Ga benci na kawo gyara, akwai 'yan'uwansa a can." Ya ɗan gyara murya, tsohon halinsa ya leƙo. "Amma kada ka ɗauka na janye maganata. Ni na yi maka laifi, Allah bai yi maka ba. Ba don Auta za ka zo ba, don kanka za ka zo. Gobe ƙarfe goma ne. Lahadin da ke biye kuwa, da duk sauran, ƙarfe takwas. Ka ji? Takwas!"

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Na ji, Baba." Bai ƙara komai a kai ba, kuma wannan ne ya hana Auta sakin jiki.

Kafin rana ta faɗi ya je da kayan aikinsa ya ɗaure ƙafafun bencunan, ya cire ƙusoshin da suka leƙo. Ranar Ista coci ya cika har waje, shi da Iya suna cikin taro kamar yadda suka saba. Da aka tashi, 'yan sau biyu suka fara fitowa suna sunkuyar da kai, kowa na jiran a ce masa sai Kirsimeti. Baba ya kama hannun na farko da hannu biyu.

"Mun ji daɗin ganinka. Ya iyali? Muna nan Lahadi mai zuwa, ƙarfe takwas, wurinka na nan."

Mutumin ya waiga bayansa, yana zaton da wani ake. Haka Baba ya yi wa kowa har na ƙarshe. Da samari suka zo mayar da bencuna sito, ya ce a bar su inda suke, a dai matsar da su daga bayan ginshiƙi.

Amma Auta ta san Ista ba ita ce jarrabawar ba. Kowa na zuwa ran Ista. Lahadin da ke bayanta ita ce wadda coci ke zama fayau, kamar kasuwa bayan an watse. A ranar ta riga kowa zuwa, ta zauna a layin mawaƙa, littafin waƙa a hannunta. Bencunan baya babu kowa. Mai jita na ɗaure igiyoyinsa. Baba na tsaye a ƙofa, shi ma sai duba titi yake yi yana yi kamar ba ya yi.

Saura kaɗan a fara, sai ta ga Baba ya gyara tsayuwa. Ga Iya da tsohon gyalenta na kullum. Ga Kafinta a bayanta, da wankakkiyar rigarsa ta zuwa aiki, babu turare, babu ƙyalli. Auta ta riƙe numfashi tana kallon bakin mahaifinta.

"Sannunku da zuwa," in ji Baba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya karɓi jakar Iya, ya raka ta har kusa da Mama a layin gaba.

Kafinta kuwa ya zauna a bencinsa na baya. Ya ɗago ya dubi Auta, ya nuna mata agogonsa da yatsa. Aka ɗauki waƙar buɗewa, muryar da coci ke ji da ita ta ƙi fita, sai hawaye. Ta kusa da ita ta zungure ta, "Ke, lafiya?" Auta ta gyaɗa kai tana dariya tana kuka.

Ba zan ce muku daga ranar Kafinta ya zama waliyyi ba. Akwai Lahadin da ya makara, akwai wadda barci ya sace shi ana tsakiyar wa'azi har Iya ta aika masa da harara daga gaba. Akwai ma wadda bai zo ba sam, Auta ta ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Ana tashi Baba ya rufe ƙofa, ya nufi gidansu Kafinta. Ya same shi kwance da zazzaɓi. Ya zauna a gefen gadon ya yi masa addu'a, da zai tafi ya ce, "In ka warke, ka gaya wa manyanka ina jiransu."

Mama ta ce guɗar da Auta ta yi a ranar, har maƙwabta sai da suka leƙo.

An ɗaura auren kafin Kirsimeti, kuma Baba da kansa ya riƙo hannunta tun daga ƙofar da ya tsare shekara da shekaru har gaban bagadi. Ba duka 'yan sau biyu ne suka dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Amma bencunan nan ba su sake komawa sito ba, kuma ba a taɓa rasa mutum uku ko huɗu a kansu.

To 'yan'uwana matasa, ku dubi Auta. Da ta bi zafin zuciya, da ta sami miji ta rasa uba. Da ta bi tsoro, da ta riƙe uba ta rasa miji. Ta faɗi gaskiya sau ɗaya cikin ladabi, ta yi haƙuri ta bar wa Allah sauran, ya ba ta duka biyun. Wanda kuma ya mayar da gidan Allah wurin zuwa ranar ado, ya daina fakewa da laifin wani, don kansa yake cuta. Ku kuma da ba kwa fashi, in kun ga baƙuwar fuska a ƙofa, ku riƙe harshenku, ba ku san abin da ya koro mutum daga gida ba.

Kirsimetin da ta biyo baya gwiwar Baba ta matsa masa, aka sa masa kujera a bakin ƙofa, surukinsa ya tsaya a madadinsa. Ana gab da tashi sai ga wani saurayi ya shigo a makare, yana raɓe-raɓe yana neman inda zai ɓuya. Auta na kallo daga layin mawaƙa. Kafinta ya tare shi, ya kama hannunsa, ya kai shi bencin baya.

"Zauna a nan, ɗan'uwa," ya ce masa a kunne. "Ba ya karyewa, ni na gyara shi. Wurina ne a da."